Gida Na Ƙarshe A Layin Ɓaure

Shafi na 23

Masu zagin Valma a ƙarƙashin shafin jiya, wai tsohuwa ce mai taurin kai, wai ruwan ya tafi da ita kowa ya huta, duk na gani. Ban tanka wa kowa ba. Ku karanta wannan tukuna.

*

"Mama, kin ji abin da suka ce a rediyo?"

"Na ji."

"To me kike jira?"

"Shayina nake sha, Narelle."

Daga can Perth 'yar tata ta sauke numfashi, irin wanda take saukewa tun tana 'yar makaranta idan an hana ta abu.

"Motar da mai?"

"Cike take."

"Jakar fa?"

"Tana bakin ƙofa. 'Yan ceto ma sun zo jiya sun duba. Wata yarinya cikinsu cewa ta yi da kowa a garin Kurrabin irina ne da sun samu barci."

"Kunna hoton mana in ga fuskarki."

"Sabis ba kyau."

"Kullum sabis ba kyau, Mama."

"Je ki kai yara makaranta kar su makara. Da na ga ruwa ya taɓa gindin ɓaure zan tada mota in hau tudu."

Valma Petrie ta kife wayar a kan tebur, ta lalubo kofinta. Shayin ya huce tuntuni.

Ruwa ne ake ta zubawa a kan kwano ba sassauci. Da can idan aka yi irin wannan ruwan, Layin Ɓaure ba ya shiru. Wannan na jan injin wanki zuwa sama, wancan na ɗaure tukunyar gas, ana kiran juna ta taga, ana tambayar wa ke da igiya. Yanzu ba kowa. Bayan babbar ambaliya ƙaramar hukuma ta saye gidajen ɗaya bayan ɗaya, aka ɗora su a tirela aka tafi da su. Abin da ya rage sai matakalar siminti da ba ta kai mutum ko'ina, da mangwaron da ba mai tsinka.

Sai gidanta, tsaye a kan dogayen ƙafafunsa na katako, shi kaɗai.

Ta ji ƙarar mota.

Ba ta motsa ba. Motoci kan shigo layin, su daɗe, su juya. Amma wannan an buɗe ƙofarta an rufe. Sai takun takalmin roba a kan matakala, a hankali, har da tsayawa a tsakiya a huta.

Aka ƙwanƙwasa.

"Na ce muku na shirya," Valma ta ɗaga murya. "Jiya ma kun zo."

"Buɗe ƙofar nan, tsohuwar banza, na jiƙe."

Saura kaɗan kofin ya suɓuce mata.

Coral Dwyer. Maƙwabciyarta ta shekara da shekaru, wadda suka yi goyo tare, suka zauna a kan rufin kwano tare ranar babbar ambaliya, suka ce wa juna ba mai sayar da gidansa. Ita ce ta fara sayarwa. Valma ba ta ji daga bakinta ba, sai tirela ta ji a ƙofar gidan da sassafe. Tun ranar ko gaisuwa ba ta sake haɗa su ba.

"Ba a kulle take ba," in ji Valma.

Coral ta shigo, rigar ruwanta na ɗiga a kan katako.

"Ko sannu babu?"

"Sannu."

"Kin rame."

"Ke ma kin tsufa."

Coral ta miƙo wata 'yar kwalba, jam ɗin lemo mai ɗaci-ɗaci, irin wanda Valma ke so a kan burodi. Hannun ya daɗe a miƙe. Valma tana fuskantarta, ba ta karɓa ba.

Coral ta dangwarar da kwalbar a tebur.

"Shi ke nan. Ai ba zumunci na zo ba. Ɗauko jakarki, sun ce kafin yamma za a rufe gada."

"Ina da mota."

"Na ga motar taki a ƙarƙashin gida. Zanzaro ya yi gini a madubinta."

"Zanzaro ba ya hana mota tafiya."

"Tayar baya ta kwanta."



"Iska ce kawai. Ina da famfo."

"Famfo! Ke da gwiwar nan taki?"

"Wa ya aiko ki? Narelle?"

"Ba wanda ya aiko ni. Daga tagar kicin ɗina a kan tudu ana hango fitilar barandarki. Dare da rana a kunne. Na san kina nan."

"To ki koma tagarki ki ci gaba da hange. Ai kin iya kallon layin nan daga nesa."

"Val."

"Me? Ƙarya na yi?"

"Ba faɗa na zo ba."

"Ni ma ban gayyace ki ba. Kuma kar ki ɗauka ina zaune ne kara zube. Zo ki gani."

Ta miƙe, ta bi gefen tebur da hannu, ta isa bakin ƙofa inda jakar take. Ta zuge ta da sauri, irin na wanda ya saba.

"Magunguna. Takardun gida a cikin leda. Rediyo da batir. Ruwa. Bargon Ossie." Ta ɗan tsaya a kan sunan mijinta marigayi, sannan ta zaro tocila. "Wannan ma da safe na gwada ta."

Ta danna, ta saita ta a bango.

"Kin gani? Tar."

Coral ta kalli bangon. Ta kalli tocilar. Ta buɗe baki za ta yi magana, Valma ta riga ta.

"Merv fa? Ya zauna a mota ne kar gashin nan nasa sili uku ya jiƙe? Ki ce masa ya hawo, ba zan cije shi ba."

Coral ta juyo ta fuskance ta. 

"Me kika ce?"

"Na ce mijinki ya hawo. Ko shi ma ya daina gaisuwa?"

"Valma Petrie." Coral ta ja da baya. "Na san kina riƙe da ni. Na yarda na yi miki laifi. Amma wallahi ban taɓa zaton muguntarki ta kai nan ba."

"Me na yi kuma?"

"Me kika yi?"

"Tambayarki nake."

"Tun cikin sanyin bara muka binne Merv!"

Valma ta nemi bango da bayanta.

"Ƙarya ne."

"A asibitin Brisbane ya cika, a can muka binne shi kusa da ɗanmu. Ranar da na dawo ko gida ban shiga ba. Nan na fara zuwa. Na tsaya a bakin get ɗinki da baƙaƙen kaya, kina zaune a baranda. Na ɗaga miki hannu. Kika kalle ni, Val, ido cikin ido, kika tashi kika shige, kika rufe ƙofa. Na ji ƙarar sakata daga inda nake tsaye."

Coral ta ja numfashi, ta ci gaba.

"Ban nemi ki yafe mini ba. So nake kawai wani da ya san shi ya ce mini sannu. Wani da ya san yadda yake dariya. Ba kowa a kan tudun can da ya san shi."

"Ke ce?"

"Me?"

"Ranar nan. A bakin get." Muryar ta ƙanƙance kamar ta yarinya. "Ke ce?"



Coral ta share fuska da bayan hannu. Ta matso. Ta zare tocilar daga hannun Valma a hankali, ta ɗaga ta tsakaninsu.

"Val. Tocilar nan a kunne take ko a kashe?"

"Ba ni kayana."

"A kunne ko a kashe?"

"A kunne. Yanzu na kunna ta."

"Ba ta kama ba. Tun ɗazu ba ta kama ba. Batir ɗin ya yi tsatsa, har ya fito ta gindi."

Coral ta kama gaban rigarta.

"Wace irin riga ce a jikina?"

"Shuɗiyar nan taki ta kullum."

"Ja ce. Ta Merv ce." Coral ta ajiye tocilar. "Na miƙo miki jam kika ƙi karɓa. Na ce gaba ce. Fitilar baranda da rana tsaka, na ce tsufa ne. Wayyo ni, Val. Tun yaushe?"

Valma ta lalubi kujera ta zauna. Ta ɗora hannuwa biyu a kan cinya, ta miƙe baya, kamar mai jiran hukunci.

"Tun kafin tirela ta ɗauki gidanki ya fara."

"Tun kafin…"

"Ɗan tabo ne a tsakiya, kamar an dangwala yatsa mai maiƙo a gilashi. Na yi ta goge tabarau. Sai ya yi ta faɗi. Yanzu duk abin da na kalla shi ne ba na gani. Gefe-gefe nake gani, ƙafar tebur, bakin labule. Fuska kam ta tafi. Har tawa a madubi."

"Likita fa?"

"Na je sau ɗaya a bas. Ya ce ba ya dawowa. Ya ce in kira wani nawa ya zo a yi magana. Na ce to, na fito."

"Narelle ba ta sani ba?"

"Ba wanda ya sani."

"To cefane? Abinci?"

"Ina kira a kawo. Yaron ya ajiye a matakala ya tafi. Gwangwanin wake na ɗaura masa roba ɗaya, na miya roba biyu. Wani lokacin in buɗe in ji 'ya'yan itace ne, sai in ci abina." Ta yi 'yar dariya marar daɗi. "Rannan na zuba gishiri a shayi. Na shanye shi tas, don ba wanda zan ba labari mu yi dariya."

Coral ta jawo ɗayar kujerar, wadda ta saba zama a kai, ta zauna.

"Me ya sa ba ki ce mini ba?"

"Yaushe? Kina can kina sa hannu a takarda?"

Coral ta sunkuyar da kai.

"Ƙirjin Merv ne," ta ce. "Tun laka da ƙurar bayan ambaliya bai ƙara numfashi daidai ba. Likita ya ce in muka sake kwana a gidan da ya sha ruwa, shi ke nan. Kullum in ce yau zan faɗa miki. In zo har shinge, in ji kina waƙa kina shanya, in koma."

"Da kin faɗa."

"Da na faɗa."

"Narelle ma ba ta gaya mini ya rasu ba."

"Ta aiko mini da furanni. Ta ce kin hana ta ambaton sunana."

Valma ta rufe fuska da tafukanta. Kukan bai da sauti, kafaɗunta kawai ke rawa.

"Merv," ta ce. "Shi ya ɗaga ni ya miƙa wa Ossie ranar da muka hau rufi. Yana cewa, ke Val, me kike ci haka? Ruwa har wuyansa yana tsokanata."

"Har a gadon asibiti tsokanar nas-nas yake yi."

"Sannu, Coral. Sannu, 'yar uwa. Allah ya ji ƙansa."

Sai a lokacin Coral ta fashe. Ta kifa kai a kan teburin, Valma ta lalubo gashinta, ta ji an aske shi gajere, ta ci gaba da shafawa.

Sun daɗe a haka.

Da ta lafa, Coral ta tashi ta ɗora buta ba tare da ta tambayi inda ashana take ba. Ta yanka burodi, ta shafa jam ɗin, ta saka a hannun Valma.

"Ci. Ƙashin wuyanki kamar marataya."

"Yaya gidan naki na tudu?"

"Yana da kyau. Ba ya yoyo." Ta kurɓi shayi. "Maƙwabtana yara ne. Da safe ƙofar gareji ta ɗaga, mota ta fita. Da yamma ta shiga, ƙofa ta sauka. Ban san sunan ko ɗaya ba. Akwai satin da ba na magana da kowa sai mai sayar da mai. Ranar Lahadi sai in zo nan in faka a gaban matakalata, in ci burodina a mota."

Valma ta daina tauna.

"Ke ce mai motar Lahadi?"

"Ni ce."

"Na ɗauka 'yan hukuma ne masu son in sa hannu! Da na ji ta tsaya sai in shige in sa sakata."

"Ni kuma in ce, ga ta can, ta gan ni ta gudu."

"Kina nan, ina nan."

"Tsofaffin wawaye."

Suka yi dariya, irin wadda take ƙarewa da share hanci.

"To yanzu gaya mini gaskiya," in ji Coral. "Tun da mota ba ta tashi, ke ma ba kya iya tuƙa ta. Me kika shirya?"

Valma ta nuna sama da haɓa.

Coral ta ɗaga kai. A cikin lungun da ke tsakanin kicin da ɗaki, murfin silin a buɗe yake, tsani jingine.

"Akwai ruwa a can, da biskit, da gatari na fasa kwano idan ya kai ga haka."

"Ke kaɗai? Ba ido?"

"Kowace safiya ina hawa in sauko, don ƙafata ta riƙe."

"Kowace safiya." Coral ta dafe ƙirji. "Da kin faɗo fa? Wa zai sani?"

"Da kin ga fitila a kunne, kin ce ina nan."

"Kar ki yi mini wannan wasan."

"Ba wasa nake ba."

Coral ta miƙe tsaye.

"Tashi. Gidana za mu. Gobe in kira Narelle…"

"A'a!"

Kofi ya kife, shayi ya bi tebur.

"Kar ki kira ta. Coral, na roƙe ki."

"'Yarki ce."

"Shi ya sa. Tun rasuwar Ossie take neman dalili. Ta samo wani gidan tsofaffi kusa da ita, har ta ce ɗakin yana kallon lambu. Ranar da ta ji, ranar za ta hau jirgi, kuma ba zan iya musu da ita ba, don gaskiyarta ce. A kai ni Perth in yi me? A nan ƙafata ta san ko'ina. Na san katakon da ke ƙara, na san inda rana ke faɗowa da safe, na san ƙarar jemagun ɓaure idan za su fita. A gidan nan ni ba makauniya ba ce. A can zan zama."

"Val…"

"Za su zaunar da ni a kujera, wata yarinya ta riƙa ce mini 'yar kirki tana ba ni abinci a baki. Ba wanda ya san Ossie. Ke kin san abin da nake faɗa. Yanzu kika gama faɗa mini."

Coral ta daɗe tana kallonta.

"Ɗaki biyu ne a gidana ba kowa," ta ce a hankali. "Ƙafarki za ta koya. Ba girma gare shi ba."

"Ba za ki faɗa ba?"

"Ba zan faɗa ba. Ke za ki faɗa da bakinki, ranar da kika ga dama."

"Ko da wa ya tambaye ki?"

"Ko da wa ya tambaye ni. Tashi, don Allah, mun ɓata lokaci."

Valma ta tashi. Coral ta sa mata rigar ruwa, ta ɓalla mata maɓallai kamar yarinya, Valma na cewa ta iya, Coral na cewa ta yi mata shiru. Ta saɓa jakar a kafaɗa, ta jefa kwalbar jam a aljihu.

"Tsaya a nan. Bari in juyo da mota kusa da matakala, in dawo in riƙe ki."

Ta buɗe ƙofa ta fita baranda.

Valma ta tsaya tana saurare. Taku ɗaya, biyu. Sai takun ya tsaya.

"Coral?"

Valma ta matsa bakin ƙofa.

"Coral, mene ne?"

"Koma ciki."

"Ya taɓa gindin ɓaure?"

"Ba ta kogi ya zo ba." Muryar ta fito a bushe. "Ta baya ya zagayo. Ta magudanar filin ƙwallo."

Sai yanzu Valma ta ji. A ƙarƙashin ƙarar kwano akwai wata ƙarar, mai taushi, kamar kare na lasar kwano. A ƙarƙashin gidanta.

"Motarki fa?"

"Ya rufe tayoyi. Kwarin bakin layi ma ya cika, ko kan allon sunan layin ba na gani."

"Mu taka da ƙafa."

"Yana gudu, Val. Ga kwandon sharar wani can yana wucewa kamar an harba shi."

Ta dawo ciki ta rufe ƙofa, ta zaro waya. Valma na jin yatsunta na kuskure, tana tsaki, tana sakewa. Lambar ceto ta yi ta ƙara, murya ta ce a jira. Ta kashe.

"Darcy zan kira kai tsaye."

"Kar ki kira Darcy."

"Shi ke raba jiragen ruwa yau."

Darcy ɗan ƙanin Ossie ne. A gidan nan ya tashi tare da Narelle, kwano ɗaya, makaranta ɗaya. Abin da ya shiga kunnensa ya isa Perth.

"Kira wani."

"Ba wani."

Coral ta danna, ta buɗe muryar wayar. Ya ɗauka cikin hayaniya, injina na ruri, ana ihu a bayansa.

"Anti Coral? Ba lokaci, faɗi da sauri."

"Muna Layin Ɓaure, ni da Valma. Ruwa ya tare mu."

"Layin Ɓaure? Jiya aka ce mini Anti Val ta shirya, da motarta! Narelle ta hana ni sakat tun safe, yanzu haka tana ɗaya layin tana jira." Ya juya ya yi wa wani tsawa, ya dawo. "Ya kai ina?"

"Yana hawa matakala."

"Ku saurara. Jirage biyu gare ni, gari guda. Ƙasan kasuwa ya cika, akwai jarirai, akwai mai keken guragu. Masu rauni nake fara ɗauka. Gidan Anti Val dogo ne, kuma ta san abin yi, ta taɓa yi. In ya shigo ɗaki ku hau silin, in ya matsa ku fasa kwano ku fita. Ku ɗaura wani abu mai haske. Zan iso, amma ba zan yi muku ƙarya ba, zai iya kai gobe."

Coral ta kalli tsanin. Ta kalli gwiwoyinta. Ta tuna santsin kwanon nan da ruwan sama a kai, da yadda ƙarti biyu, Merv da Ossie, suka sha wuya kafin su ɗora su a wancan karon, da idonsu garau.

"Sai dai in akwai abin da ban sani ba," in ji Darcy. "Ku faɗa mini gaskiya yanzu, in sauya tsari. Lafiyarku ƙalau ku biyun? Akwai wadda ba za ta iya hawa rufi da kanta ba?"

Hannun Valma ya laluba iska, ya samu wuyan hannun Coral, ya damƙe. Farce ya shiga fata. Tana girgiza kai, idanunta na kallon gefen fuskar Coral, inda ba kowa.

Wani abu mai nauyi ya daki ƙafar gidan. Kofuna suka yi ƙara a kan kanta.

"Anti Coral? Kina ji na? Zan kashe."

Coral ta ɗora ɗayan hannunta a kan na Valma.

"Darcy," ta ce, "cire Narelle daga wancan layin tukuna."